Kujerar Ɗan Jinya

Injiniya bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba. Injin ban ruwa yake gyarawa a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai walda da mai facin taya. Ya iya aikinsa, wannan babu gardama. Aibinsa shi ne ba a gaya masa abu. Ya taɓa fita waje sayen kayan gyara, to tun daga nan duk wanda zai yi tafiya a layin sai ya kawo masa fasfo ya duba. Shi kuwa sai ya goge hannu da tsumma, ya ɗaga fasfon sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Lafiya lau, je ka abinka."

Da likitoci suka ce idon surukinsa sai an fita waje a yi aiki, iyali suka taru a falon tsohon don a fitar da ɗan rakiya. Ƙanen matarsa, wani malamin sakandare da kowa ke kira Ticha, ya ce zai nemi hutu ya raka mahaifinsa. Injiniya ya kwashe da dariya.

"Kai da ko filin jirgi ba ka taɓa shiga ba? Ai sai a ɓatar mana da mutum biyu. Ka zauna da allinka, ni zan kai Baba."

Aka bar masa. Ranar da biza ta fito, Ticha ya buɗe fasfon a kan gwiwarsa, ya ɗora yatsa.

"Yaya, ka duba nan. Abu uku ne daban-daban. Ga ranar da bizar za ta mutu, ga iya kwanakin da aka yarda ku zauna, sannan ga wannan layin, shi ne ke faɗin sau nawa..."

"Ticha," in ji Injiniya, yana zare fasfon daga hannunsa, "nan ba aji ba ne. Biza ta wata shida ce. Na ga irinta kafin ka fara gemu."

Aka yi dariya, har shi Tichan ya yi ta yaƙe. Girman kai ba ya rasa masu taya shi dariya, shi ya sa yake daɗewa a jikin mutum.

Da safen tafiya matarsa ta tsare shi a bakin ƙofa. "Baban yara, don Allah kada ka saki hannunsa. Ka san halin Baba. Ko fitsari zai kashe shi ba zai roƙi baƙo ba."

"Haba, sai ka ce yaro kike sallama," ya ce.

A asibitin can aka ba su ɗaki mai gado biyu, kowane gado da farar kujerar roba ta ɗan jinya. A ɗaya gadon akwai wani dattijo ɗan ƙasarsu, ɗansa tela ne ke jinyarsa. Gaskiya dai a faɗe ta, kwanakin farko Injiniya ya yi abin kirki. Shi ke riƙe Baba zuwa bayi, shi ke hura masa shayi, shi ke jera masa takalma daidai inda ƙafarsa za ta sauka. Aka yi aiki lafiya, aka naɗe idanun biyu da bandeji, likita ya ce sai jibi za a kwance.

A wajen shan shayin asibiti ne wani direba ya ba shi labarin wata kasuwa a ƙetaren iyaka, cikin ƙasar da ke maƙwabtaka, inda kawunan injin ban ruwa suke a zube kamar tsakuwa. Mota na tashi da safe, ta dawo da yamma. Injiniya ya kwana yana juya maganar. Kashegari ya tsuguna a gefen gadon.

"Baba, zan ɗan leƙa kasuwa. Kafin la'asar na dawo."

"A dawo lafiya," in ji tsohon.

Bai ce masa kasuwar a wata ƙasa take ba. Ya ce wa tela ya ɗan sa ido, ya fita.

Fita ba ta yi wuya ba, aka buga masa hatimi ya wuce. Kasuwar kuwa yadda direba ya faɗa haka take. Ya cika buhu, ya ɗaure bakinsa, ya hau motar komawa yana lissafin yadda mai walda zai buɗe baki in ya gani.

A bakin iyaka fasinjoji suka yi layi. Da aka zo kansa, jami'ar da ke bayan gilashi ta buɗe fasfon, ta duba, ta turo masa shi ta ƙarƙashin taga.

"Ba za ka shiga ba, malam."

"Kamar yaya? Ki duba da kyau, 'yata. Bizar nan sai nan da wata biyar za ta mutu."

"Na gani. Amma ta shiga sau ɗaya ce. Ka shiga, yau da safe ka fita. Ta gama aikinta."

"Kasuwa kawai na je! Ko kwana ban yi ba!"

"Ko ƙafa ɗaya ka fitar, ka fita."

Ta nuna masa layin da bakin biro. Shi ne dai layin da yatsan Ticha ya tsaya a kai. Injiniya ya ɗaga murya, ya ambaci ƙasashen da ya taɓa zuwa. Da hakan bai yi ba sai ya sauke murya, ya cire hula, ya ce yana da marar lafiya makaho a asibiti. Jami'ar ta dube shi, ba da mugunta ba.

"Kana da makaho a asibiti, me ya kai ka kasuwa a wata ƙasa?"

Yaron mota ya sauke masa buhunsa a gefen titi, motar ta wuce da sauran mutane.

Ya laluba aljihu don ya kira Baba, sai ya ji waya biyu. Ta tsohon ma tana wurinsa, shi ke riƙe masa ita. Lambar tela kuwa bai karɓa ba, don bai ga abin da zai nema wurin tela ba. Ya zauna a kan buhun, ƙarafa na sukarsa, ya daɗe kafin ya iya kiran matarsa. Ya fara da kewaye-kewaye, wai mutanen nan ba su da tsari, wai an samu 'yar matsala. Ta bar shi har ya gama. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi.

"To yanzu wa yake kai shi bayi?" ta ce.

Kashegari ya je ofishin jakadancin ƙasar da asibitin yake, aka ce sabuwar biza sai ya koma ƙasarsa ya nema, kuma ba abin kwana kusa ba ne. A wannan ranar ce aka kwance wa Baba bandeji. Injiniya ya koma gida shi kaɗai da buhunsa. Ticha ne ya yi ta buga waya har ya samu asibitin, ya samu tela, ya roƙe shi arziki. Tela ya haɗa tsofaffi biyu ya yi jinyarsu, ya kuma taho da su gida a jirgi ɗaya.

Ranar da Baba ya dawo, falon ya cika da 'yan sannu da zuwa. Injiniya ya tsaya a waje yana gyara zaman takalman mutane, har sai da matarsa ta leƙo ta ce, "A nan za ka kwana?" Ya shiga ya durƙusa can nesa, kusa da ƙofa. Baba na zaune da baƙin tabarau, ya rame, wandonsa ya yi masa yawa.

Wata gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba ta iya ajiye magana ba, ta ce, "A'a, ga ɗan rakiya! Kai da ka tafi da mutum, ya aka yi ka riga shi dawowa?"

Ticha ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Ni na aike shi," in ji Baba. "Ku bar yaron nan ya huta."

Gwaggo ta ce, "Oho," aka koma wata hira. Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zaginsa aka yi, da ya san inda zai sa kansa. Amma tsohon da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba yau ya yi ta a gaban 'ya'yansa, don ya rufa wa mijin 'yarsa asiri.

Da mutane suka watse, Baba ya yafito shi. Ya matso yana jan gwiwa.

"Baba, ni dai..."

"Bari," in ji tsohon. Ya cire tabarau, ya dube shi sosai. "Aiki ya yi kyau. Da suka kwance mini ido, ka san abin da na fara gani? Kujerarka. Fara ce, ashe. Ƙafarta ɗaya ta tsage, an ɗaure da waya. Har tsagar na gani." Ya mayar da tabarau. "Telan nan yaron kirki ne. Sai dai na sha kunya kafin na iya ce masa ya kai ni bayi. Tashi ka je, ka gaida yara."

Buhun yana nan a lungun shago, ƙura ta hau shi, ba a kwance bakinsa ba. Mai walda ya tambaya me ke ciki, Injiniya ya ce tarkace ne.

Bayan 'yan makonni mai facin taya ya shigo da fasfon ƙaninsa. "Injiniya, ɗan duba mana wannan, yaron zai tafi karatu."

Injiniya ya kai hannu ga tsumma kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya mayar da kansa cikin injin da yake kwancewa.

"Kai wa Ticha," ya ce. "In ya fara bayani, ku bari ya kai ƙarshe."