Sai Ta Nuna

Tun da aka cire mini yana a ido na naɗa kaina lokotoro, wato likitan garinmu Gangara, ba takarda, ba makaranta. Shekara uku na yi ina lalube, fari ya rufe mini idanu biyu. Da masu aikin ido suka zo Tanut daga Damagaram, suka duba suka ce ba ta kai aiki ba, in dawo baɗi. Na dawo suka yi, washegari aka kwance mini ƙyalle na ga duniya har da tururuwa. Daga nan bakina ya buɗe. Duk wanda ya murza ido a kasuwa sai na kama haɓarsa na leƙa, na yanke masa hukunci.

Ƙanena Attahir ɗinkin wasaki yake yi, gugan fatar da makiyayan Tenhiya ke jan ruwa da shi. Mutum ne shiru-shiru, in ya duƙa kan fata har ka manta yana gidan. Abin ya soma masa kamar wasa. Zai zura zare a basilla ba kuskure, ya miƙe ya yi karo da jakin da ke tsaye gefensa. Yau ya bugi bakin ƙofa, gobe ya taka ƙwaryar fura. Muka yi ta masa tsiya, ni ne kan gaba.

Matarsa Hadijatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta same ni a zaure, ta durƙusa.

“Yaya Barmo, ƙanenka fa ba ya ganin gefe. In na miƙa mishi ruwa ta hagu, sai na yi magana yake juyowa. Ni dai a kai shi Damagaram.”

Na kira shi, na juya fuskarsa ga rana, na leƙa. Na ce yana ce ke tafe, ba ta fito ba tukuna, ko sun je koro su za a yi kamar yadda aka koro ni. Sai ta nuna.

Hadijatu ta ce, “To ai kai fari muka gani a naka, Yaya. Nashi baƙi ne wuluk.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ke aka yi wa aiki ko ni?” Ta tashi ta koma cikin gida. Attahir kuwa tun rasuwar babanmu bai taɓa musa mini magana ba.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya zo ya zauna gabana, ya ware idanu. “Yaya, duba mini, ta nuna?” Ni kuma in ce saura kaɗan. Damina biyu muka yi a haka. Masu aikin ido suka sake zuwa Tanut, na ce kada ya wahalar da kansa a hanya. Ya gaya mini gani yake kamar yana leƙe ta cikin mazurari, kuma bakin mazurarin sai tsukewa yake. Na ce ai haka take yi. Wallahi tawa ba haka ta yi ba, tawa hazo ne ko'ina, amma girman kai ya hana ni tunawa.

Wata rana wani makiyayi ya maido wasaki yana yoyo, ɗinkin ya kauce. Shekara talatin ba a taɓa maido wa Attahir aiki ba. Ya shafa ɗinkin da yatsa, ya ajiye basilla. Wannan karon Hadijatu ba ta nemi izinina ba, ta sa shi a mota sai Damagaram. Na bi su, wai in ji lokotoro ya gaskata ni a gabanta.

Lokotoron mace ce, ba ta kai 'yata A'isha shekaru ba. Ta haska masa fitila, ta auna, ta sake aunawa. Sannan ta juyo gare mu.

“Wa ya ce ku jira?”

Hadijatu ta dubi ƙasa. Sai Attahir ya ce, “Ni ne na ƙi zuwa.”

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ita yana ana ganinta, fara ce, in aka cire gani ya dawo. Wannan gilokom suke ce masa: ruwa ne ke taruwa cikin ido yana danne jijiyar gani. Ba ya fari, sau da yawa ba ya ciwo, daga gefe yake soma ci, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Da an zo tun yana karo da jaki, da maganin ɗigawa ya tsare masa ganinsa. Yanzu na hagu ya tafi, na dama saura ɗan haske, shi za a yi ƙoƙarin riƙewa.

Ta ce ciwon yana bin jini, in zauna ni ma a auna ni. Na zauna ina roƙon Allah a sami wani abu. Ta ce, “Naka lafiya lau, Baba.” Ban taɓa jin albishir mai ɗaci irin wannan ba.

Juma'ar da ta biyo, Attahir ya zo da sanda yana bin katanga, ya zauna inda ya saba. Idanun nan masu kyau, baƙi wuluk, ina ganinsu tar da idon da aka gyara mini. Na jira ya yi mini gori, da ya yi da na sami sauƙi. Sai ya laluba aljihu, ya miƙo mini 'yar kwalbar magani.

“Yaya, ɗiga mini. Kai hannunka ya saba da ido.”

Ba ba'a yake ba, har ransa ya faɗa. Ya ɗaga kai, ya ware idanu yana jira. Na matsa kwalbar, ɗigon farko a kumatunsa ya faɗi.