Tsakanin Keke da Bango

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ruwa ya ɗauke, amma gari bai washe ba. Kwanon shagona yana ɗiga a kan tsohon soson da na shimfiɗa a ƙofa don kada laka ta shigo. Ina zaune a kan kujerar wani da na farke wa baya, ina ta duba saƙon banki a waya. Masu otal ɗin da na yi wa gyaran kujerun ɗakin taro sun biya. Na fitar da kuɗin ledar kujera da na soso, na fitar da na ƙusa da gam, na fitar da na Dogo, sai ga saura. Tun da na fara sana'ar kushin ban taɓa ganin saura mai kauri haka ba.

Dogo tela ne, shagonsa yana kallon nawa, titi ya raba mu. Yana da babban keken ɗinki mai cin leda, ni kuwa ba ni da shi. Duk abin da na yanka sai na tsallaka da shi wurinsa, in tsaya har ya gama nasa aikin, sannan ya ɗinka nawa ya yanki rabonsa.

"Mai Kushin," ya kira ni daga can, "wannan murmushin fa? Ko ka tsinci wani abu a cikin kujerar mutane?"

"Mataji da marfin biro," na ce.

"To ka riƙe marfin, ka miƙo matajin."

Ban faɗa masa zancen kuɗin ba. A ƙarshen layinmu akwai wani dattijo, Baba Tela, da idonsa ya fara gazawa, yana neman ya sayar da kekensa irin na Dogo. Kafin in tafi gida na biya ta wurinsa. Ya ce zai riƙe mini zuwa ƙarshen wata, don yana son keken ya faɗa hannun da zai riƙa ba shi mai.

* * *

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, a cikin jerin gidaje masu kama ɗaya da banki ya sayar mana bashi. Duk wata sai an cire kason banki kafin mu san me za mu ci. Babbar 'yarmu tana rarrafe muka shiga, yanzu tana zuwa makaranta, amma in aka duba abin da ya rage na bashin kamar jiya muka fara, don kuɗin ruwa ke cinye yawancin abin da muke zubawa.

Matata nake kira Ma'aji, saboda ita ke riƙe da kuɗin cefane. Na same ta tana ninke wanki a kan gado. Da na nuna mata wayar sai ta zauna a bakin gadon da rigar yaro a hannunta.

"A zuba a gida," ta ce. "Na taɓa tambaya a banki. In mutum ya kawo dunƙule, wanda bai gaza biyan wata shida ba, sai su sare shi daga uwar bashin. Ruwan ya ragu, shekarun su ragu. Wannan zai ɗauke mana kusan shekara biyu."

"Keken fa? In na saya, abin da nake ba Dogo ya zama nawa. Kafin shekara ya mayar da kuɗinsa, sannan in zuba a gidan har fiye da haka."

"In ya lalace?"

"A gyara."

"In aiki ya yi ƙasa?"

"Shi gidan, haihuwa yake yi, Ma'aji? Kuɗin da aka zuba a bango ya kwanta ke nan."

"Abin da nake so da shi ke nan." Ta ajiye rigar. "Lissafinka ya fi nawa, ban musa ba. Amma ba wanda ya taɓa yin sallama ya ce a ranta masa bango. In keken ne ka saya, ban hana ba. Ko keke ko gida, amma gobe."

Ni mutum ne da ba na son gaggawa. Ko yadi zan yanka sai na auna, na sake aunawa, na je na sha ruwa na dawo. Na ce ta bar ni in yi tunani, kuma babban abu irin wannan ba zan yi shi ba sai Inna ta sa albarka.

"Sannu ba ta hana zuwa," na ce.

"Ƙarasa karin maganar mana," in ji ta.

Ban ƙarasa ba. Ta ci gaba da ninke wankinta.

* * *

Inna, mahaifiyata, tana zaune ne a gidan babbar yayarmu. Cikin 'ya'yanta ni ne ban yi nisa a karatu ba, kuma na san shekara da shekaru in ana lissafin 'ya'yan da suka zama wani abu, tana yin shiru idan an zo kaina. Da na faɗa mata, ta kama hannuna ta juya tafin tana duba kantar aiki da tabon allura, ta yi addu'a mai tsawo.

"Inna, don Allah ya tsaya tsakaninmu."

"Wa zan faɗa wa? Ni da ko ƙofar gida ba na zuwa."

Ba ta je ƙofar gida ba kuwa. Yaya kawai ta faɗa wa, don farin ciki, sai kuma ƙanenta, Kawu, da ya zo gaishe ta.

Yaya ce ta fara zuwa. Ba ta ma zauna ba, ta tsaya a ƙofar shago mayafinta ya jiƙe. An daɗe ana ɗaga aikin da za a yi wa mijinta a asibiti saboda kuɗi, kuma da idona na ga yadda yake tafiya a dafe da ciki. Wannan ba abin shawara ba ne. Na tura mata kuɗin aikin. Da na faɗa wa Ma'aji sai ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Sauran fa?" Na ce sauran zai sayi keken in Baba Tela ya yi mini ragi, kuma har yanzu ya kai abin da banki ke karɓa.

Daga nan waya ta hana ni aiki. Mutanen da suka manta da lambata suka tuna. Wani kuɗin jarrabawa, wata kuɗin haya, wani kuma cewa ya yi kawai ya kira ya ji muryata, muryar kuwa ba a jin ta kyauta. Kowanne kaɗan yake nema, kuma kowanne da gaske yana cikin matsi. In na buɗe baki zan ce babu, sai in tuna sun san akwai.

Kawu ya zo da kansa, da hantsi. Shi ne ya kama hannuna ya kai ni wurin koyon sana'a bayan rasuwar mahaifinmu, kuma bai taɓa bari na manta ba. Ya zauna a kujerar da ta fi kowace laushi, na aika aka kawo masa shayi.

"Ɗana, ka ga ƙanenka, yaron wajena, zai yi aure, falo kuwa wayam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Kawu, ai gida ya zo. In kujeru ne ni zan yi masa. Katako da yadi kawai za a saya, aikin hannu na yafe."

Ya yi dariya har shayin ya zuba a kan rigarsa.

"Yaran yanzu? Na kanti yake so, masu sheƙi, waɗanda ake kawowa a kwali. Kuma rance na ce, ba kyauta ba. Ko ka fara gudun dangi ne tun kuɗin bai kai ko'ina ba?"

Na dubi ƙasa. Na yi tunanin abin da za a je a faɗa wa Inna, da yadda za ta koma yin shiru in an zo kaina. Na ɗauko wayar na tura masa.

* * *

Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare na je wurin Baba Tela da abin da ya rage. Ya saurare ni har na gama, yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Yaro, da ragin abin kirki ne da na yi maka. Wannan ko rabi bai kai ba, ni ma kuma maganin ido nake nema."

Washegari na ga an tsallaka titi da keken a kan kura, an shigar da shi shagon Dogo. Ya ɗauko ƙanen matarsa ya zaunar a kai.

Na wuce banki. Na yi layi, na kai gaban wata ma'aikaciya mai sanyin murya. Ta duba na'urarta ta ce abin da na kawo bai kai a sare shi daga uwar bashi ba. Za su iya karɓa a matsayin biyan wata biyu masu zuwa, amma ruwa yana nan yadda yake, shekaru ma haka.

"A karɓa?" ta tambaya.

Na fita waje na kira Ma'aji. Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya abin da zan ce. Sai na ji ta ja numfashi kawai.

"Ba su," ta ce. "Kafin ka iso gida wani ya tare ka a hanya. Ko ba komai, wata biyu za mu yi barci."

Da na koma gida ba ta tayar da maganar ba, ranar ko bayanta. Sai dai na lura ta daina faɗa mini in ta yi rarar cefane.

* * *

Mijin Yaya ya warke, ya koma aiki. Wannan kam ina jin daɗinsa duk lokacin da na gan shi yana tafiya a miƙe. Rancen Kawu ba wanda ya sake ambatarsa, ni ma ban tambaya ba.

Wata rana da yamma, ana yayyafi, sai ga Kawu a gaba, mai kura a bayansa da kujera an rufe ta da leda. Ɗaya ce daga cikin na kantin. Ɗinkin hannunta ya ɓalle tun daga sama har ƙasa.

"Duba mana wannan, ɗana. Baƙi za su zo anjima, ka yi sauri."

Na zura hannu ta wurin da ya yage. Soson bai fi kaurin yatsa ba, a ƙarƙashinsa kwali ne. Da keke aikin ɗan lokaci ne, amma sai an kwance ledar jikin kujerar an tsallaka titi, Dogo kuwa ba ya taka keke kyauta. Na ɗauko lanƙwasasshiyar allura da zare mai kauri, na yanko guntun soso mai kyau daga ragowar aikin otal na cusa a ciki, na durƙusa na fara ɗinki da hannu.

Kawu ya zauna yana waya, yana ba wani labarin yadda taron auren ya cika. Ledar mai tauri ce, sai na danna allurar da gindin almakashi take shiga. Sau ɗaya ta kuɓuce ta shige mini babban yatsa, na tsotse jinin don kada ya ɓata kujerar, na ci gaba.

Da na gama, ya shafa wurin da tafin hannunsa, ya danna, ya sake dannawa.

"Zaren bai yi kalar ledar sosai ba," ya ce. "Amma a bar shi haka. Doguwar kujerar ma ta fara, zan aiko da ita."

Na taya mai kura ɗora ta, na gyara ledar da aka rufe ta da ita don kada ruwa ya shiga ta sabon ɗinkin. Suka bi layi suka tafi, Kawu a gaba da wayarsa a kunne.

Na dawo na zauna a bakin ƙofa, yatsana a baki. A tsallaken titi kekunan Dogo biyu suna ta gudu, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauka.