Ƙadangaren da Ke Kan Gadon Tanimu

Daren jiya, a barandar sashen gaggawa na wani asibiti, Ladidi ta yi wani mafarki. Mijinta Tanimu kafinta ne. Da la'asar ya faɗo daga saman ginin da yake buga wa kwano, ya miƙe da ƙafarsa, ya kakkaɓe riga, ya ce babu komai. Kafin isha'i an shige da shi ɗakin tiyata. Ita aka ce ta jira a waje. Ta shimfiɗa zane ta jingina da bango, barci ya sace ta.

Sai ta ga ta sake kawo shi asibitin, amma da rana tsaka, kuma asibitin yana tsakiyar kasuwar hatsi. Ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tsattsafowa yana tafiya sama, ƙafafun mutane sharkaf, kawunansu a bushe. Ladidi ba ta yi mamaki ba. Ta dai gyara ɗaurin zanenta.

A bakin ƙofa wani bunsuru ne zaune kan kujera mai juyawa, sanye da farar riga, abin sauraren ƙirji rataye a ƙahonsa. Shi ne babban likita.

"Me ya same shi?" in ji bunsurun.

"Faɗowa ya yi, Likita."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga sama zuwa ƙasa."

Bunsuru ya shafa gemu. "Ashe baƙi ne ku."

Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa lafiyata ƙalau. Ƙishirwa kawai nake ji. A ba ni ruwa in koma aiki."

"Ba da kai nake ba," in ji bunsurun. "A nan ba ma karɓar shaidar baki. A kwantar da shi."

Ɗakin dogo ne, cike da gadaje masu tafiya da ƙafafunsu kamar 'yan maruƙa. Can ƙarshensa akwai wata gajeriyar ƙofa, ba ƙyaure, sai asabari a rataye. Wasu gadajen suna kusa da ita, wasu suna nesa. A kan kowane gado akwai ƙadangare zaune yana gyaɗa kai, kuma Ladidi ta gane, ba tare da an gaya mata ba, cewa kowace gyaɗawa bugun zuciyar mai gadon ce.

A gefensu wani mahauci da ya yanke babban yatsa yana ta kurma ihu, yana cewa shi ya riga kowa zuwa, in ba a duba shi ba zai mutu yanzun nan. Ƙadangarensa kuwa gyangyaɗi yake yi. Gadonsa ya ja da baya da kansa, ya je gindin taga ya kwanta.

"Mai ihu yana da iskar yin ihu," in ji bunsurun. "Masu shiru nake tsoro."

Ƙadangaren Tanimu sauri yake yi, kamar mai amsa tambayoyin da ba a gama yi masa ba. Wata zabuwa, wadda ita ce nas, ta ɗaure wa Tanimu damtse da igiyar guga, ta leƙa ƙarƙashin gado. Akwai rijiya a wurin. Ta zura gugan, igiya ta yi ta tafiya kafin a ji ya taɓa ruwa.

"Awon jini ya yi ƙasa," in ji zabuwar.

Wata kyanwa ta hau gadon, ta shinshina tafin ƙafarsa, ta sauka ta tafi neman mai ɗumi.

Bunsuru ya dubi Ladidi. "Baiwar Allah, kin ga ƙadangare yana gudu, ruwan rijiya yana ja da baya, ga ƙafa ta yi sanyi. Ɗaya kaɗai ba ya tayar mana da hankali. In suka haɗu, gado ba ya jiran kowa."

"Mutuwa zai yi?"

"Ba mu san wanda zai mutu ba. Mun dai san wanda ya fi kusa da ƙofa."

Yana rufe baki gadon ya ɗaga ƙafa ya nufi asabarin. Ladidi ta kama ƙafar baya ta turje. Gadon ya ja ta a ƙasa, ba da mugunta ba.

"Yi haƙuri, uwar gida," in ji gadon. "Ni ma aiko ni aka yi."

Tanimu yana kwance yana kallon rufin ɗakin. "Maman Hanne, wannan kwanon ba a buga shi daidai ba," ya ce da Ladidi. Muryarsa ta ƙanƙance, numfashinsa gajere-gajere. Can kuma ya juyo ya kira ta Inna, sunan da yake kiran mahaifiyarsa da ta rasu tun yana saurayi. Ladidi ta amsa. Ba ta ga amfanin gyara masa ba.

Sai ga su a rumfar wani tela. Bunsuru ya ɗaga cikin Tanimu kamar yadda ake ɗaga kwanon rufi, ya leƙa ciki da fitila.

"Ga inda yake yoyo," ya ce. "A waje ba ko ɗigo. A kawo jini."

Ladidi ta miƙa hannu, aka ɗebi nata a leda. Zabuwa ta ajiye ledar jinin a ƙasa, tunda a garin ruwa sama yake tafiya, jinin ya bi siririn tiyo ya hau ya shiga hannun Tanimu. A lokacin ne Ladidi ta lura ita ma akwai ƙadangare a kafaɗarta, yana gyaɗa kai babu ƙaƙƙautawa.

"Likita, nawa fa?"

"Naki tsoro ne. Rijiyarki a cike take. Riƙe min fitilar nan."

Ta riƙe. Keken ɗinki ya yi ta kuka.

Suka koma dogon ɗakin. Gadon Tanimu ya tsaya dab da ƙofar, har asabarin yana shafar yatsun ƙafarsa idan iska ta kaɗa. Ladidi ta sunkuya ta leƙa ta ƙasa. Ba ta ga komai ba sai takalma a jere, manya da ƙanana, kamar a ƙofar masallaci. Takalmin Tanimu na hagu ya riga ya je ya shiga sahu. Ta zura hannu ta ɗauko shi, ta sa a hammata.

Wani gado ya zo wucewa daga can nesa, ɗauke da wata tsohuwa mai carbi. Ƙadangarenta ya kwantar da kai, ba ya motsi.

"'Yar nan, matsa min in wuce," in ji tsohuwar. "Ki gaida gida."

Ladidi ta matsa. Asabarin ya ɗaga, ya sauka.

"Da safe a nesa muka ajiye ta," in ji bunsurun, yana tauna wuyan rigarsa. "Wanda muka ajiye a nan wurin jiya kuma ya tafi gida da ƙafarsa. Awo ne, ba hukunci ba. Amma in ba mu auna ba, wa za mu fara kamawa?"

Ladidi ta koma gindin gadon Tanimu. Ta zauna a ƙasa ta rungume ƙafar gadon, ta zuba wa ƙadangaren mijinta ido. Tana gyaɗa kai tare da shi, tana ɗan jinkirtawa, ko zai yi koyi da ita. Da farko bai kula ta ba. Daga baya ya rage sauri. Zabuwa ta zura guga, aka ji ya taɓa ruwa da wuri. Gadon ya yi taku ɗaya da baya, ya tsaya yana tunani, bai ƙara ba.

"Likita, yanzu fa?"

Bunsuru ya gyara zama, ya buɗe baki zai faɗa mata. Abin da ya fito daga bakinsa ƙarau-ƙarau ne, ƙarar ƙarfe a kan siminti.

Ladidi ta buɗe ido. Gari ya waye. Mai sharar asibiti ce take jan bokiti a barandar.

"Baiwar Allah, ɗaga zanenki in goge wurin."

Kafin ta miƙe wata nas ta leƙo daga ciki, idanunta jajur don rashin barci. "Ke ce matar Tanimu? Saifarsa ce ta fashe, an cire, jinin ya tsaya. Bugun zuciyarsa ya sauko, awon jininsa yana hawa. Ba mu ce ya tsallake ba tukuna, amma zo ki gan shi."

"Sista, ya yi magana?"

"Ya yi. Cewa ya yi a aika a ɗauko masa gudumarsa a saman ginin kafin wani ya yi gaba da ita."

Ladidi ta naɗe zanenta, ta bi ta kan inda aka gama gogewa. Mai sharar ta yi tsaki, ta sake tsoma tsumma a bokiti.