Ƙarfen da Ya Faɗo a Gonar Nababa

Da hantsi Nababa yana huɗa a gonarsa kusa da Kunci, sai wani ƙonannen ƙarfe ya faɗo daga sama, ya karya bayan ɗaya daga cikin shanunsa biyu. Dole ya yanka shi nan take.

Washegari jami'ai suka zo, suka tattake kunyoyi da mota, suka ɗauki ƙarfen. Babbansu ya ce, "Baba, ɓaraguzan mataccen tauraron ɗan'adam ne. Irinsu sun cika sararin samaniya."

Zuciyar Nababa na tafasa, ya ce, "Na wane ne?"

"Ba a sani ba tukuna."

"To in kun gano mai shi, ku gaya masa gonata ba juji ba ce."

Mutumin ya miƙo hannu, Nababa ya ƙi karɓa.