Kwamfutar da Baba Ya Ƙara

Tsofaffin kwamfutoci huɗu ta jera a kan kantar ɗakin ajiya. Da ta gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya tana saka musu tsarin aiki na Linux, sai ta ɗora wa babbar cikinsu aikin. Duk wadda aka jona da waya aka kunna, za ta nemi babbar, ta share abin da ke cikinta kaf, ta ɗauki sabon tsari. Ba tambaya, ba jiran izini, kuma da wannan ta fi cika baki.

Babanta ya dawo gidanta da zama tun rasuwar Mama, kuma mutum ne da ba ya iya zama hannu rabbana. Rannan ta dawo daga aiki ta tarar da shi a bakin ɗakin yana ta murmushi.

"Uwata, na ƙara miki ɗaya. Na ga waya tana reto ba aikin yi."

Ta leƙa. Kwamfutar Mama ce, wadda yake ajiyewa a ƙarƙashin gado. A cikinta kaɗai muryar Mama ta rage, hirarrakin da ta riƙa ɗauka don jikoki. Rubutu na ta gudu a fuskar kwamfutar. Ta fizge wayar, amma an riga an ci rabin aiki.

"Na yi ɓarna ko?"

"A'a Baba, ni ce ban koya mata tambaya ba."

Ya zauna a kujera can bakin ƙofa, ya haɗa hannuwa kamar mai jiran likita. Tausayinsa ya kama ta fiye da nata baƙin cikin.

Ta ciro faifan ajiyar kwamfutar, ta shiga tonon abin da bai kai ga gogewa ba. Hotuna suka fito rabi-rabi, hirarrakin duk sun tafi. Sai wani guntu da bai kai minti ɗaya ba. Ta kunna.

Aka ji ƙarar fanka, aka ji tari. Sannan Mama ta ce, "Ya fara ɗauka? Malam, kai ma sai ka zauna can nesa kamar baƙo. Matso mana."

Baba ya ja kujerarsa ya matso.