Gwanar Banda a Yelwa

Tun ina budurwa nake bandar kifi a bakin ruwan Yelwa ta ƙasar Yauri, kuma duk wanda ya san kifi ya san hannuna. Masu lodi zuwa kudu ba sa ko ɓantarar nawa su duba, kwando kawai suke ɗauka. Ba yabon kai nake ba, so nake ku gane abin da ya same ni.

Wani sabon kamfani ya zo zai riƙa zuba bandar Yauri a leda yana kaiwa manyan kantunan Abuja. Suka turo wata yarinya mai rubuta musu talla, Hamdiyya. Aikinta ta zauna da gwanaye ta yi musu tambayoyi, sannan ta zaɓi mace ɗaya a sa sunanta da hotonta a jikin ledar. Mahaifinta ɗan nan ne, amma a Abuja ta tashi. Da ta tambaya a tasha, rumfata aka nuna mata.

Ta gaishe ni da ladabi, ta kife bokiti ta zauna, ta ce an gaya mata ni ce gwanar banda a garin.

"Haba ɗiyata, ni mi nis sani?" na ce. "Ga Barakatu can, ita ag gwana."

Haka ake yi. Babu mace mai mutunci da za a yaba a gaban idonta ta karɓa. Za ki ture, mai tambaya ya nace, ki sake turewa, ya haɗa ki da Allah, sannan ki fara. Ni har na gyara zama. Yarinyar nan ta yi mini godiya, ta ɗauki jakarta ta tsallaka rumfar Barakatu.

Da farko ban damu ba. Barakatu ta san yadda ake yi, dole ta maido mini da ita, balle a hannuna ta koyi lanƙwasa tarwaɗa. Na kasa kunne ina jira. Sai na ji ta yi 'yar dariya ta ce to, ana dai taɓawa. Ana taɓawa! Ranar ko tuwo bai wuce mini ba.

Tabarma ɗaya ce ta raba rumfunanmu, don haka babu tambayar da ta wuce ni. Wane ice ya fi ba kifi ƙamshi, yaushe ake juyawa, yaya ake gane ya bushe har ciki. Barakatu na amsawa rabi da rabi, ni kuma ina ƙarasa mata a zuciyata, ina cizon yatsa. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Garin saurare na bar ragar karfasa guda ta ƙone, abin da ban taɓa yi ba. Washegari Barakatu ta zo da atamfar da ta yi bikin ɗanta da ita, ta tsaya cikin hayaƙi ana ɗaukar ta hoto.

Mijina Sallau ya ce in je in gaya wa yarinyar gaskiya mana, bakina ai ba a ɗinke yake ba. Na ce masa in je in ce me? Cewa ni ce, in bar matan tasha su samu abin yi da ni har jikokina?

Ranar kasuwa, rumfuna cike da mata, sai ga Hamdiyya da Barakatu sun nufo ni. Na ce a raina ko wani ya fahimtar da yarinyar. Hamdiyya ta durƙusa ta ce rubutun ya yi kyau, amma za su yi na rediyo, kuma babu abin da ke sayar da kaya kamar shaidar wata babba a sana'ar. Tana roƙon in maimaita abin da na gaya mata ranar farko, ta ɗauki muryata.

Na dubi Barakatu. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Matan duk sun bar cinikinsu sun zuba mini ido. Yarinyar ta miƙo wayarta daidai bakina.

Na faɗa. Barakatu ita ce gwana.

Hamdiyya ta kara wayar a kunne ta saurara, ta ɗan yamutsa fuska.

"Yi haƙuri Inna, wani ɗan kabu-kabu ya wuce, ba ta fita ba. Ki sake, amma da ƙarfi."