Sabon Sunan Shigeo

Da mijina Shigeo ya rasu, malamin haikali ya raɗa masa sunan lahira, ya rubuta a ɗan allo. Duk zamanmu Shigeo ne yake karanta mini rubutu mai wuya. Ranar addu'a dangi suka zauna, ni zan kira sunan, sai harafi na uku ya gagare ni.

Ƙanwarsa Fumie ta ce ƙasa-ƙasa, “Yaya, sunan mijinki ma sai an kira miki?”

Malamin ya matso, ya ɗora yatsa a harafin.

“Wannan harafi yana nufin cikar teku. Masunta irin mijinki suna karanta shi shio, a cikin wannan suna kuma cho ake cewa.”

Na kira sunan gaba ɗaya. Fumie ta sunkuyar da kai, ta maimaita a bayana.